Kaso na Uku

Da sunan Allah nake farawa, wanda ya kai ni inda ban taɓa mafarkin zuwa ba, ya kuma dawo da ni Madina da ƙafafuna.

Duk wanda ya taɓa sayen daskararriyar kaza a kantunan garin nan, ba mamaki ni na yanka ta. Shekara huɗu na yi a Barazil ina yankan kaji. Abokaina na unguwar Harra ta Gabas a Madina har gobe tsokanata suke yi, wai na tsallake teku don in yi aikin da kowane dattijo yake yi a bayan gida ranar suna. Nakan yi dariya, in ba su labarin sanyi da na ƙwallo. Akwai labari ɗaya da ba na ba su, shi ne wannan.

Sunana Hamza. A Madina aka haife ni, a nan aka haifi mahaifiyata, amma takardunmu na Sudan ne, ƙasar da ban taɓa taka ta ba. Da iƙama muke zaune, takardar izinin zama ta baƙi, a garin da aka yanke mana cibiya. Na yi dako a kasuwar dabino, na tura keken tsofaffin alhazai a wajen masallacin Ƙiblatain, na gaji. Sai wani dillali ya ce kamfanonin kaji a Barazil suna neman mushrif, wato mai duba yanka, wanda zai tsaya da farar riga da biro a aljihu ya tabbatar an yi bisimilla an fuskanci alƙibla. Ya ce ɗan Madina mai Larabci a baki, ai da gudu za su karɓe ni. Na yarda, domin a lokacin ko cewa ya yi ana neman mai gadin kifi a teku zan yarda.

Zangon farko San Paulo ne. Babu wanda ya zo tarbata. Lambar da dillali ya ba ni na buga har wayar ta yi zafi, ba a ɗauka ba. Kwana uku na yi a tashar mota da jallabiyata ta Madina, a watan da suke tsakiyar sanyi, ina karkarwa kamar ɗan akuyar da ruwa ya daka. Wani ɗan Senegal mai tallar agogo ya ga ina salla a lungu, ya tsaya har na yi sallama. Ba ya jin Larabci sai na Fatiha, ni kuma ba na jin yarensa. Ya karanta takardata, ya kai ni wurin motar da ta dace, ya cire rigar sanyin jikinsa ya yafa mini. Ko sunansa ban tambaya ba, har yau abin yana damuna.

Motar ta yi ta gangarawa kudu da mu kusan yini da kwana, gonakin waken soya hagu da dama har ƙarshen gani. Garin da ta ajiye ni ƙarami ne, tsaf-tsaf, mutanensa farare sol, jikokin Jamusawa da Italiyawa. A nan na sami Hajji Munir, Balaraben Labanan da ya tsufa a ƙasar, shi ne shugaban masu yankan halal a kamfanin. Ya duba takardata ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Mushrif? Ya ibni, ɗana, duk wanda ya sauko daga jirgi mushrif ne. Wa zai yi yankan?"

Na ce, "Ya Hajji, haka aka yi alkawari da ni."

"Wanda ya yi maka alkawarin yana Madina yana shan shayi. Yalla, ga wuƙa. Ka yi haƙuri, in ka nuna hali, muna gani."

Ba mugun mutum ba ne, gara in faɗi wannan tun yanzu. Ya samo mini ɗaki, ya gyara mini takardu, yakan aiko mini da zaitun. Amma da wannan "muna gani" ya riƙe ni shekara guda.

Aikin haka yake. Akwai sarƙa mai tafiya a sama, ana rataye kaji da ƙafafu, kai a ƙasa, su riƙa wucewa ta gabanka. Kai kuma kana tsaye ka fuskanci alƙibla, wuƙa a dama, kan kaza a hagu, Bismillahi Allahu Akbar, ka ja, ta gaba ta iso. Sarƙar ba ta san ka gaji ba, ba ta san atishawa ba. Kafin wata huɗu wuyan hannuna na dama ya kumbura, da safe ba na iya riƙe buta. Likitan kamfani ya ba ni ƙwayoyi, ya kuma gaya mini gaskiya: hannun nan ba zai kai shekara biyu a kan wuƙa ba. Wanda hannunsa ya mutu kuwa sallamarsa ake yi. Don haka farar rigar mushrif ta tashi daga kwaɗayi ta zama ita ce hanyar tsira da hannuna.

Kafin kaza ta iso gare ni, sai wani ya ciro ta daga keji da ranta ya rataye ta. Wannan ɗakin shi ne mafi ƙazanta a kamfanin, ga kashi, ga gashi, ga karta. Babu farar fata ko ɗaya a ciki. 'Yan Haiti ne da 'yan asalin ƙasar, waɗanda Turawa suka tarar a wurin, ana ce musu Indiyawa ko da yake ba su haɗa komai da Indiya ba. A cikinsu akwai Anselmo, ɗan ƙabilar Gwarani, gajere mai faɗin ƙirji, ya girme ni da kamar shekara goma. Idan bai ga dalilin magana ba, sai ya yini bai ce uffan ba.

Mutanen kudancin ƙasar suna da wani ganyen shayi mai ɗaci da suke kira mate. A ƙoƙo guda ake zubawa, da bututun ƙarfe guda, ana miƙawa daga hannu zuwa hannu. Lokacin hutu ma'aikata sukan yi da'ira a rana, ƙoƙon yana zagayawa. Ranar farko na shiga da'irar da sakin fuska irin tamu. Ƙoƙon ya zo hannun na damana, ya sha, ya miƙa hannu ta gabana ya ba na haguna. Babu wanda ya zage ni, babu wanda ya harare ni. Na san abin, don a gida ma an sha kirana Takruni, sunan da suke kiran mu baƙaƙe da shi, da irin muryar da ba ta buƙatar fassara. Amma a gida ina da bakin ramawa. A nan sai na koma gefe na zauna a kan bulo.

Anselmo yana zaune a kan nasa bulon da nasa ƙoƙon. Ya cika, ya miƙo mini ba tare da ya dube ni ba. Na zuƙa, ɗacin ya kusa fitar mini da hawaye, ya yi dariya. Daga ranar kullum tare muke hutu. A bakinsa na koyi yawancin Fotugis ɗin da na iya.

Wata Lahadi da ya ga hannuna ya ƙi sacewa, ya ce in zo gidansu uwarsa ta duba. Na ɗauka unguwa za mu. Muka hau bas muka fita gari, muka sauka a bakin babban titi. Tsakanin kwalta da wayar shingen wata gona akwai ɗan tsiri na ƙasa da bai fi faɗin tsakar gida ba. A nan suka jera bukkoki na katako da baƙar leda, gida wajen ashirin, manyan motoci suna wucewa suna kaɗa ledar. Mata suna saƙa kwanduna suna ratayewa a bakin hanya ko wani zai tsaya ya saya.

Na tsaya daga waje, yadda aka koya mini a tsaya a ƙofar mutane. Tsohuwar ta fito ta kama ni da hannu ta ja ni har ciki, ta zaunar da ni a kan kujera ɗaya tak da suke da ita, kusa da wuta. Ta daka wani ganye ta ɗaure mini a hannu. Matar Anselmo ta kawo dafaffen rogo da masara, kuma da yake ya riga ya gaya musu abin da ba na ci, ko a tukunyar da ta taɓa ganin alade ba su dafa ba. 'Yarsu Luwana, mai shekara bakwai, ta zauna tana kallon yadda nake cin abinci da hannun hagu saboda ɗaurin, ina ta neman gafarar Allah a zuci. Da la'asar ta yi suka share mini wuri a cikin bukkar na yi salla. Tun da na bar ɗakin mahaifiyata ban ji na shiga gida ba sai ranar.

Na tambaye shi gonar wa ce a bayan shingen. Ya ce, "A takarda ta wani ce. Kakannina suna kwance a ƙarƙashin waken." Sun dawo bakin titin ne suna jiran hukuma ta yanke hukunci, sun shekara da shekaru suna jira.

Wani sati da muka karɓi albashi muka bi ta dandalin tsakiyar gari. Akwai gunkin wani Bature a wurin, da malafa da dogayen takalma, gatari a hannu, bindiga a kafaɗa. Na ce ya karanta mini rubutun da ke ƙasa. Ya karanta a hankali: wai wannan ne jarumin da ya keto daji ya gano wurin, ya tarar da shi babu kowa, ya mai da shi gari.

Ya ce, "Kakar uwata tana cikin dajin nan da babu kowa. Da karnuka aka bi su. Ita a ramin itace ta ɓuya."

Ni ma na ba shi namu. Na ce kakan kakana daga ƙasar Hausa ya taso da ƙafa lokacin da Nasara suka ci ƙasar, ya nufi gabas, ya mutu a Sudan bai iso ba, jikansa ne ya ƙarasa Madina. Anselmo ya jinjina kai ya ce, "Ashe ku ma korarru ne." Muka sayi gasasshiyar masara muka zauna muka ci a gindin gunkin.

Da Babbar Salla ta gabato, Hajji Munir ya ce duk masu yanka mu zo gidan gonarsa, za a yanka raguna da sa. Ya kuma ja ni gefe ya ce, "Akwai gurbin mushrif ɗaya. Na sa sunanka da na wani. Manajan kamfani zai zo cin nama, ka nuna masa kai ɗan Madina ne." Na fito ina jin kamar ƙafata ba ta taɓa ƙasa.

Cikin wannan murnar na gayyaci Anselmo. Ban tambayi mai gida ba, don a wurinmu wa yake neman izini kafin ya kawo baƙo cin naman Salla? Na cika masa baki sosai. Na ba shi labarin Annabi Ibrahim da ragon, na gaya masa yadda muke raba naman layya kashi uku: ɗaya na gida, ɗaya na 'yan'uwa da abokai waɗanda ake zama a ci tare, ɗaya kuma na mabuƙata, a ƙulla a leda a miƙa musu. Ya saurara da kyau, kamar yadda yake sauraron komai. Na ce ya zo da iyalinsa duka, su ga yadda mutanen Madina suke karɓar baƙo.

Ranar Salla da hantsi mun gama fiɗa, an shimfiɗa dogon tebur a ƙarƙashin rumfa, hayaƙin gashi yana tashi. Na sa farar jallabiyata da na yi wa guga tun jiya. Hajji Munir ya zaunar da ni kusa da manajan, wani dogon Bature mai jan wuya, ina zuba masa gahawa yana tambayata labarin raƙuma. A gefen ƙofar gidan an tara ledojin nama na sadaka, waɗanda za a kai unguwar talakawa da yamma.

Sai aka tafa hannu a bakin ƙofa, yadda suke sallama a can. Na ɗaga kai na hango su ta tsakanin ƙarafan ƙofar. Anselmo ya sa farar riga mai dogon hannu da ban taɓa ganinsa da ita ba. Matarsa tana riƙe da sabon kwando mai murfi. Luwana tana tsakiyarsu, an tsefe mata gashi an ɗaure da jan ƙyalle. Tsohuwar ce kawai ba ta zo ba. Daga inda bas yake ajiye mutane zuwa gidan tafiyar kusan awa guda ce a ƙasa.

Hirar teburin ta tsaya. Manajan ya ajiye finjalinsa ya ce da Hajji Munir wani abu a kan mutanen bakin titi, na tsinci kalmar gona da kalmar ƙanensa. Sai a lokacin na gane gonar waye a bayan shingen.

Hajji Munir ya sunkuyo ya yi mini magana da Larabci, a hankali, fuskarsa da murmushi. "Ya Hamza, naka ne waɗannan?"

Na ce, "Abokin aiki ne, ya Hajji."

"Tayyib. Allah ya ba ka lada. Ga nama can a ƙofa, ka ba su da yawa, kada ka rage musu. Yau ba ranar tashin hankali ba ce, ya ibni, kai ma ka san abin da ke gabanka."

Bai ce in kore su ba. Da na ce baƙona ne, ko ya shigo ko mu fita tare, ban san abin da zai yi ba, wataƙila ma ya ji kunya ya ce a ƙaro kujeru. Ban gwada ba. Na dubi hannuna da ke kan tebur, wanda ko butar gahawa da ƙyar yake ɗagawa, na tashi. Tsakanin rumfa da ƙofa na gama yi wa kaina fatawa: ai sadaka ce, ai lada ne, ai a Madina ma haka ake yi, manyan gidaje suna miƙa abinci a ƙofa kuma ba wanda ya ce sun yi laifi. Na zaɓi leda biyu mafi nauyi, har ina ganin na kyauta.

Na buɗe ƙofar kaɗan na fita, na jawo ta a bayana. Na ce wurin ya cika, mai gida yana da manyan baƙi, wata rana za mu zauna mu kaɗai. Na miƙa masa ledojin.

Anselmo bai karɓa nan da nan ba. Ya dubi ledojin, ya dubi tarin da na ɗebo su, ya dubi teburin da ke bayana da kujerun da babu kowa a kai. Sannan ya tambaye ni, ba da faɗa ba, kamar mai son ya tabbatar ya fahimci darasi:

"Hamza, wannan wanne ne a cikin ukun?"

Ya jira ni. Sannan ya karɓi ledojin, ya yi godiya. Matarsa ta ajiye kwandon a ƙasa kusa da ƙafata, domin tsaraba ce suka kawo kuma ba su ga dalilin komawa da ita ba. Suka juya. Luwana ce kaɗai ta riƙa waiwayowa har suka sha kwana.

Na koma na zauna na ci nama. Wallahi na ci, har da dariya.

Bayan sati biyu aka ba ni farar riga da biro. Hannuna ya warke, ga shi da shi nake rubutun nan. Mushrif ba ya hutu a kan bulo, yana da ɗaki mai na'urar ɗumama, don haka na sami hujjar da zan guje wa tsakar gida. Idan muka haɗu a ƙofar shiga Anselmo yakan gaishe ni yadda ake gaida shugaba, ni kuma in amsa da sauri in wuce. Kullum ina cewa Lahadi mai zuwa zan je in ba shi haƙuri. Lahadi ta yi ta zuwa tana wucewa har wata biyar.

Sai wata Litinin na ga wani ɗan Haiti a gurbinsa. Na tambaya, aka ce ai an tashi mutanen bakin titi tun ranar Alhamis, da 'yan sanda da motar rusau. Ranar na hau bas na je. Babu bukka ko ɗaya. An ture komai, an matso da shingen har kusa da kwalta, sai baƙin toka a wuraren da murhu yake da guntayen leda a maƙale a waya. Wani mai facin taya ya ce an kwashe su a motoci, wasu an yi yamma da su, wasu ya ji an ce iyakar ƙasa. Bai san sunan kowa ba. Na yi shekara biyu da rabi bayan haka ina tambaya, duk inda na ga masu sayar da kwando sai na sauka. Ban same shi ba.

Da na dawo Madina, 'yan'uwa suka yi ta zuwa barka da dawowa, ana ce mini Ustaz Mushrif. Sai da ƙafa ta ɗauke, wata safiya muna zaune da mahaifiyata a tsakar gida tana tsince shinkafa, na ba ta labarin tun daga farko. Na zaci za ta ce ƙaddara ce, ko ta ce ai na ba su nama. Ba ta ɗago kai ba har na gama.

Ta ce, "Yarinyar ta gani?"

Na ce, "Ta gani, Ummi."

"Shekararta nawa ka ce?"

"Bakwai."

Ta ture faifan gefe. Ta ce, "Babana ya yi shekara goma sha yana hawan dabino a gonar wani mutum a unguwar Bani Harisa. Tare suke cin abinci a gona, akushi ɗaya. Wata Salla mutumin ya ce masa, ta'al, zo da iyalinka. Aka yi mini kitso, aka sa mini lalle, muka tafi. A ƙofa aka miƙo mana. Babana ya yi godiya, ya yi addu'a, muka juyo. Shi ya yafe tun a hanya, har ya mutu bai sake tayar da zancen ba."

Na ce, "Ke fa, Ummi?"

Ta dube ni, idonta a bushe. "Ni har yau in na bi ta layin nan sai na tsallaka ɗaya gefen. Ya waladi, uban ba shi ne abin jinka ba, babba ne, ya san duniya. Amma akwai wata yarinya a can da za ta tsufa tana tuna fuskar mutumin da ya jawo ƙofa. Ni ta mutumin nan ban manta ba, har tabon da ke goshinsa."

Ta jawo faifanta ta ci gaba da tsintar shinkafa. Ni kuma na zauna a gabanta, na rasa inda zan sa fuskata.